Kama da Wane Ba Ta Wane: Gwanintar Masu Tantance Dangin Halittu

Kuka da kuɓewa 'yan dangi ɗaya ne. Haka lalo da yakuwa da rama da auduga, har da rimi da goro da itacen koko da ake yin cakulan da 'ya'yansa. Masana tsirrai sun tattara su duka a babban dangi guda da suke kira Malvaceae. Duk wanda ya tsaya a gindin tsohuwar kuka, ya ɗaga kai ya ga inda rassanta suka kai, sannan ya juya ya dubi kuɓewar bayan ɗaki wadda ba ta wuce damina guda a duniya, da wuya ya yarda da wannan magana nan take. Amma uwargidan da ke kaɗa miya ta daɗe da riƙe hujja ɗaya a hannunta, wato yauƙi. Kuka na da shi, kuɓewa na da shi, lalo na da shi, domin abin gado ne a wannan dangi.

To, karkashi fa? Ai shi ma ba baya ba ne wajen yauƙi. Sai dai masanan sun ce ba ya cikinsu. Ɗan'uwan riɗi ne, kuma furensa mai siffar mazurari shi ke tona asirinsa, don irin na riɗi ne sak. Ke nan yauƙin kuka da na kuɓewa daga tushe ɗaya suka fito, na karkashi kuwa haɗuwar hanya ce kawai. Raba waɗannan biyu, kamannin da aka gada da kamannin da aka yi kiciɓis da su, shi ne zuciyar ilimin rarraba halittu. Masu wannan aiki ba su cika yin suna ba, amma likita da manomi da mai haɗa magani duk a kan aikinsu suke tsaye.

Idan masanin tsirrai ya shiga daji, ba ganye yake fara nema ba. Ganye mayaudari ne. Itace guda na iya yin faffaɗan ganye a fadama, ya yi tsukakke a kan tsandauri, kuma ganyen ƙaramar kuka ma bai yi kama da na babba ba. Fure da 'ya'ya yake nema, domin su ne ba sa saurin sauya tsari komai sauyin ƙasa. Zai ciro ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyansa, ya tsaga furen a tsanake, ya ƙirga kunnuwansa, ya duba zaruruwan da ke ɗauke da garin fure: a warwatse suke ko a manne? A furen kuɓewa da yakuwa da rama da auduga, zaruruwan nan sun manne da juna sun zama sanda guda a tsakiya. Idan ya jira har magariba, lokacin da farin furen kuka ke buɗewa yana reto a ƙasa don jemagu su zo, zai ga sandar nan a ciki, da tulin zaruruwa a kanta. Sai ya ɓare ɓawon, ya ji zare mai ƙarfi. Shi ne zaren da ake tufka igiyar rama da igiyar kuka da shi, kuma wani ɗan'uwan lalo ne ake nomawa a Indiya da Bangaladash don saƙa buhuna. Alama ɗaya ba ta isa yanke hukunci. Sai uku ko huɗu sun haɗu sun nuna hanya guda kafin gwani ya buɗe baki.

Bayan haka sai ya yanko reshe mai ganye da fure, ya shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ya matse da katako biyu, yana sauya takardun kullum har ya bushe ba tare da ya yi funfuna ba. Zai manna shi a kan farar takarda mai kauri, ya rubuta inda aka samo shi, da rana, da irin ƙasar wurin, da launin furen tun yana ɗanye, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Wannan takarda na iya yin shekara ɗari biyu tana ba da shaida. Duk lokacin da aka raɗa wa sabon jinsi suna, dole a ajiye samfur guda da sunan zai rataya a kansa har abada, ta yadda in gardama ta tashi bayan mai sunan ya rasu, sai a koma a buɗe kabad a duba. Ma'ajiyar tsirrai ta Kew da ke Landan tana riƙe da irin waɗannan takardu wajen miliyan 7. A Nijeriya akwai babbar ma'ajiya a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, akwai kuma ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda masu binciken magungunan gargajiya ke kai ganye a tantance musu kafin su shiga ɗakin gwaji.

Aikin yana da dogon tarihi. A ƙarni na 9, Abu Hanifa al-Dinawari ya tattara abin da Larabawan ƙauye suka sani game da tsirrai ya tsara shi a rubuce, yayin da al-Jahiz na Basra ya duƙufa kan dabbobi da ƙwari, yana ganin cewa ko a jikin ƙuda akwai hikimar Mahalicci ga mai lura. Amma tsarin sunaye da duniya ke bi a yau na Carl Linnaeus ne, likita kuma malamin jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin. Kafin shi, sunan tsiro a wurin masana doguwar jimla ce ta Latin, kowa kuma da tasa. A 1753 ya fitar da littafin da ya jera tsirrai kusan 6,000, ya ba kowanne suna mai kalma biyu: ta farko sunan gidan da ya fito, ta biyu sunansa na kansa. A 1758 ya yi wa dabbobi haka. Yakuwa ta zama Hibiscus sabdariffa, rama ta zama Hibiscus cannabinus, wato gidansu ɗaya. Kuɓewa a yau tana wani gidan daban, Abelmoschus, amma dangin bai raba su ba. Haka abin ke hawa: jinsi cikin gida, gida cikin dangi, dangi cikin rukunin da ya fi shi, har a kai ga masarautar tsirrai baki ɗaya. Amfanin ya fito fili. Abin da Bakano ke kira zoɓo, ɗan Senegal na kiransa bisap, ɗan Sudan na cewa karkade, amma da an rubuta kalmomin nan biyu na Latin, masanin Tokiyo da na Yamai sun san tsiro guda ake nufi. Sunayen ma na ɗauke da tarihi. Kuka ta samu sunanta Adansonia daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749 ya yi nazarinta, ɗorawa kuwa ana ce mata Parkia don tunawa da Mungo Park, wanda ya mutu a kogin Neja kusa da Busa a 1806.

Linnaeus ya ga cewa halittu na jeruwa rukuni cikin rukuni, amma bai faɗi abin da ya sa ba. Charles Darwin ne ya kawo bayanin da masana suka riƙe, a littafinsa na 1859. Ya ce jinsunan da ke gida ɗaya sun yi kama ne saboda tushensu ɗaya, zuri'a ta rarrabu, kowane reshe ya bi hanyarsa yana sauyawa sannu a hankali. Abubuwa uku ya gina maganarsa a kai, kuma babu wanda manomi bai sani ba. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai wa daida. Yawancin bambancin nan ana gadonsa. Sannan abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya hayayyafa yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka duk siffar da ta taimaki mai ita ya tsira, ita za ta yawaita a zuri'a ta gaba. Darwin da kansa da misalin makiyaya da manoma ya buɗe littafin. Geron da muke ci daga wata ciyawar daji ya fito, wadda har yanzu ana samunta a bakin Sahara, ciki har da yankin duwatsun Ayar a Nijar, mai 'yar ƙaramar zangarniya da ke zubar da ƙwayarta da zarar ta nuna. Kakanni suka riƙa ware zangarniyar da ta fi tsawo, wadda ba ta zubarwa, suna ajiye ta don iri. Masu tonon tarihi sun samu shaidar geron noma mai shekara kusan 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Abin da hannun manomi ya yi da gangan, fari da yunwa da cuta na yin irinsa a daji. Mun ma gani da idonmu: ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin, har Nijeriya ta sauya maganin farko a 2005, domin 'yan ƙalilan da maganin bai kashe ba su ne suka hayayyafa suka cika wuri.

Da wannan fahimta, aikin mai rarraba halittu ya zama bin salsala, irin yadda dattijon gida ke warware wa yara wane ya haifi wane. Bambancin kawai shi ne halittu ba sa magana, sai dai a karanta jikinsu. Ɗauki ƙafar gaban kyanwa, da ta doki, da fiffiken jemage. A ido ba abin da ya haɗa su. Amma in aka cire nama aka jera ƙasusuwan, tsari guda ne: ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, tarin ƙananan ƙasusuwa a wuyan hannu, sannan yatsu. Doki a kan yatsa guda yake tsaye, kofatonsa farcen yatsan ne. Jemage kuwa yatsunsa huɗu ne suka yi tsawo aka shimfiɗa fata a tsakaninsu, babban yatsan ya rage a waje da ƙumbarsa. Shi ya sa tashi sama bai mai da shi tsuntsu ba: gashin dabba ne a jikinsa, haihuwa yake yi, yana kuma shayarwa.

A nan ne karin maganar nan ta kama da wane ba ta wane ke zama ƙa'idar aiki. Wani masanin ƙwari Bajamushe, Willi Hennig, ya tsara ta dalla-dalla a 1950. Ya ce ba kowace kama ce ke shaidar kusanci ba. Wadda ake lissafawa ita ce sabuwar siffar da wani reshe ya samu shi kaɗai ya gadar wa zuri'arsa. Tsohuwar siffar da kowa ya gada tun fil azal ba ta raba kowa da kowa. Kada da damo duk suna da ɓawo a fata, da ƙafa huɗu, da doguwar jela, amma waɗannan tsofaffin kaya ne. In aka duba zuciyar kada mai ɗaki huɗu, da cikinsa mai ƙarfi da ke riƙe tsakuwa kamar ƙundun kaza, da yadda uwar ke gadin ƙwai har 'ya'yan su kira ta daga cikin ɓawo, sai a ga ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Kura ta yi kama da kare a tafiya da farauta, amma ƙashin da ke rufe cikin kunnenta ya ajiye ta a ɓangaren kyanwa da damisa da tunku. Ayu na kogin Neja da Binuwai, wanda wasu ke ɗauka kifi ne, numfashin iska yake yi, yana da farce a fiffikensa, nonon macen a hamata yake, kuma danginsa na kusa a doron ƙasa su ne giwa da agwada. Tinya da ƙerana sun yi kama da tsirran kaktus na hamadar Amurka, jiki mai ruwa da ƙaya, alhali farin ƙullun da ke fita in an sare su da tsarin furensu sun nuna babu kusanci. Fari ne ya yi musu ɗinki iri ɗaya.

Zuwan awon ƙwayoyin gado na DNA ya ba masanan sabuwar shaida, kuma abin sha'awa shi ne yawancin abin da tsofaffin gwanaye suka hango da gilashin hannu ya tabbata. Inda ya saɓa kuwa, sai suka gyara, ko da gyaran ya yi ɗaci. A ƙarshen shekarun 1990 ne aka rushe katangar da ta raba kuka da goro da lalo a danguna daban-daban, aka haɗe su da kuɓewa. Haka aka gano cewa itatuwan ƙaya da ake kira Acacia ba reshe ɗaya ba ne. Bayan doguwar muhawara a taron masana tsirrai na Biyana a 2005 da na Melbon a 2011, sunan ya tsaya ga na Ostireliya, bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia. Masanan Afirka da dama ba su ji daɗin rasa sunan ba, amma rabuwar kanta hujja ce ta tilasta ta. Ilimin da ke iya sauya sunan da ya yi shekara ɗari biyu a baki saboda sabuwar shaida, ya cancanci a amince da shi.

Wani zai ce duk wannan sha'awar malamai ce. Labarin rogo ya isa amsa. A farkon shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro mai farin gari a jiki ya ɓulla a gonakin rogo na Kwango, ya bazu a faɗin Afirka, a wasu wuraren yana cinye kashi 80 cikin ɗari na amfani. Ba wanda ya san shi, sai a 1977 wata masaniya a Faransa, Danièle Matile-Ferrero, ta siffanta shi ta sa masa suna Phenacoccus manihoti. Tunda asalin rogo Kudancin Amurka ne, sai aka tafi can neman abokin gabarsa. Aka samu wani ƙwaro mai kama da shi a arewacin nahiyar, aka kwaso ƙwarin da ke kashe shi, amma suka ƙi taɓa na Afirka. Masu rarraba ƙwari ne suka warware matsalar. Suka nuna jinsi biyu ne daban: wancan rawaya ne kuma yana da maza, na Afirka ruwan hoda ne kuma matansa na hayayyafa ba tare da namiji ba. Da aka san takamaiman abin da ake nema, sai aka same shi a Paraguwai, tare da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikinsa. Cibiyar binciken noma ta IITA ta saki wannan ɗan zanzaron a Ibadan a 1981 ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ya bazu a ƙasashe fiye da ashirin, annobar ta lafa ba tare da feshin guba ba. An ba Herren babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Abincin miliyoyin mutane ya rataya ne a kan idon da ya iya raba ƙwari biyu da ba su kai ƙwayar gero girma ba.

Sauro ma haka. Akwai jinsinsa fiye da 3,500 a duniya, amma na gidan Anopheles kaɗai ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ga mutane. Gwani na gane shi daga tsayuwarsa, domin yana ɗaga bayansa sama ya karkata kai ƙasa, da kuma ɗigon da ke fiffikensa, tsutsarsa kuwa tana kwanciya a miƙe dab da saman ruwa. Sai dai a cikin gidan akwai jinsunan da ko madubin ƙara girma ba ya raba su ta waje. A aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi tare da gwamnati a gundumar Garki, wadda yanzu ke jihar Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, masanin sauro ɗan Italiya Mario Coluzzi ya riƙa feɗe macen sauro yana karanta zanen da ke kan zaruruwan gadonta. Da haka ya raba jinsunan gambiae da arabiensis, ya kuma nuna cewa wasu sauron sun gaji ɗabi'ar hutawa a waje bayan sun yi cizo. Wannan na cikin dalilan da suka sa feshin bangon ɗaki bai katse cutar a Garki ba. A 2013 aka raɗa wa wani jinsin sauro sunansa, Anopheles coluzzii. A 2020 kuma masu sa ido suka gano baƙon sauron Asiya, Anopheles stephensi, a jihar Gombe, wanda ke iya hayayyafa a tankunan ruwa na birni. Da babu mai iya tantancewa, da ya saje da sauran ba a sani ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan gwaninta. Makiyayin da ke gane ciyawar da ke kashe dabba tun tana tsiro, da masuncin da ke kiran kowane kifi da sunansa, da tsohuwar da ke raba saiwa da saiwa ta wari, duk masu tantancewa ne. Wani likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, John Dalziel, ya gane darajar wannan sani. Ya bi manoma da masu magani yana tambaya, ya haɗa sunayen Hausa da na kimiyya, ya buga su a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban kundin tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Itacen hano na ɗauke da sunansa har yau, Boswellia dalzielii. Mutanen da suka nuna masa itatuwan su ne rabin wannan aiki, kuma jikokinsu na da haƙƙin ci gaba da shi.

An raɗa wa jinsunan halittu kusan miliyan 2 suna, alhali wani ƙiyasi da aka yi a 2011 ya ce waɗanda ke raye sun kai miliyan 8.7. Mafi yawan waɗanda ba a sani ba suna ƙasashe masu zafi irin namu, dazuzzukan kuwa na ƙarewa da gatari da gobara, dattawan da suka san sunaye na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata malamin bayoloji ya fitar da ɗalibai daga aji, su tsinko furen kuɓewa da na yakuwa da na riɗi, su tsaga su gani da idonsu kafin su haddace ko suna ɗaya na Latin. Ya kamata jami'o'inmu su kula da ma'ajiyar tsirrai da ta ƙwari kamar yadda suke kula da ɗakin kwamfuta, su kuma ɗauki matasa aiki a wannan fanni. Kai kuma matashin da ke da haƙuri da kaifin ido, ka nemi dattijon unguwarku ka rubuta sunayen itatuwan da ya sani tun yana raye, sannan ka nemi ilimin da zai ba ka damar tabbatar da su. Ƙasar da ba ta san abin da ke tsiro a cikinta ba, ba za ta iya kare shi ba, ba kuma za ta ci cikakkiyar moriyarsa ba.